DARASIN WATA: TATTALIN ITACE DA RUWA A MADAFA

Daga Tafoki, cikin ƙasar Faskari. Darasinmu na wannan wata a kan murhu ne da randa. Watakila wani za ya ce, "Wannan ai zancen mata ne, me ya kawo shi cikin takardarmu?" Ina roƙonka, ɗan'uwa, ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, gama duk mai cin tuwo yana da hannu cikin maganar. A karanta shi a taron Zumuntar Mata, a karanta shi kuma inda maza su ke, sa'an nan a amsa tambayoyin da ke ƙarshe tare.

1. Abin da ya kawo darasin

Sa'ad da na ke yaro, uwata ba ta yin nisa garin neman itace. Bayan gonarmu kaɗan akwai marke da kalgo da sabara. Ta kan fita da hantsi, kafin rana ta take ta komo da dami. Yau ba haka ba ne. Mutane sun yi yawa, gonaki sun cinye saura, masu gawayi sun kā da manyan itatuwa. Mai neman itace sai ta nausa daji sosai.

Ban da nisa kuma akwai tsoro. Dajin da ya haɗa ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa da Zamfara da Birnin Gwari ya zama maɓoyar 'yan bindiga cikin shekarun nan. Ba mu manta da daren 11 ga Disamba na shekarar 2020 ba, da aka kwashe 'yan makaranta fiye da 300 a Ƙanƙara aka shiga daji da su. A ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Jihar Katsina ta kafa dokar tsaro, ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta kuma hana manyan motoci ɗauko itace daga daji. A shekarar 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya hau, darajar naira ta faɗi, gas da kananzir suka yi tsada. Mutanen gari da yawa waɗanda suka bar gawayi suka sāke komawa kansa, nauyin kuwa a kan dajinmu ya sauka.

Wata rana da rani wata 'yar'uwa cikinmu ta aiki 'ya'yanta mata biyu itace. Suna cikin ɗaure dami sai suka ji ƙugin babura. Suka watsar da kayan, suka faɗa wani kwazazzabo, suka kwanta can har magariba. Sun komo lafiya, sai dai ƙaya a ƙafa. Da na je yi mata barka, ta ce mini, "Fasto, ka san abin da suka je nema? Itacen dafa wake ne, mudu ɗaya." Da na koma gida na tambayi kaina, dami nawa mu ke ƙonewa a mako? Ashe ban sani ba, ga shi kuwa shekara da shekaru ina cin abin da aka dafa.

To, ga kan darasinmu: kowane itacen da ba a ƙone a banza ba, da kowane bokitin ruwan da ba a zubar a banza ba, tafiya ce wadda matarka ko 'yarka ba za ta yi ba. Yawancin dabarun kuwa ba su cin ko kwabo.

2. Ina zafin ya ke tafiya?

Murhun duwatsu uku gādo ne, ba kuwa abin raini ba. Ba a sayensa, ya kan karɓi kowace tukunya da kowane irin itace. Amma yana da aibi babba. Masana da suka auna sun tarar, cikin kashi 100 na zafin da itace ya bayar, abin da ya kan shiga tukunya bai cika wuce kashi 10 zuwa 15 ba. Watau in kin ƙone itace goma, ɗaya ne ko ɗaya da rabi ya dafa miki abinci. Sauran fa? Iska ta kwashe harshen wutar ta kai gefe. Ƙasa da duwatsu sun sha nasu. Wani ya tashi hayaƙi, gama hayaƙi ba kome ba ne sai itacen da bai ƙone sarai ba. Wani kuma ya shiga tukunya, amma ya fice ta bakinta ya zama tururi.

Akwai gaskiya biyu game da ruwa waɗanda ya kamata kowace mai girki ta riƙe.

Ta fari: in ruwa ya tafasa, ba ya ƙara zafi. Ya kan tafasa wajen digiri 100 a ma'aunin zafi, can kuwa ya ke tsayawa. Ko kin zuba masa itacen duniya, ba za ya wuce nan ba. Tukunyar da ke ɓararraka tana tumbatsa, da wadda ke tafasa a hankali, zafinsu ɗaya ne, lokaci ɗaya kuma wake za ya nuna a cikinsu.

Ta biyu: tururi shi ne babban ɓarawon itace. Zafin da za ya ƙone lita 1 ta ruwa ta zama tururi ya isa ya tafasa lita 7 ta ruwan randa. Domin wannan, duk sa'ad da ruwan girki ya ƙone kika yi ƙari, hasara biyu kika yi: ruwan ya tafi, itacen da ya kore shi kuma ya tafi.

3. Dabaru bakwai waɗanda ba su cin kuɗi

Na ɗaya, a yi girki da busasshen itace. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, sai wuta ta ƙone wannan ruwa tukuna kafin ta waiwayi tukunya. A faskara itace ƙanana, a ɗora shi bisa rumfa ko bisa duwatsu inda iska ke ratsawa. Na damina kuwa a tanade shi tun da bazara, a rufe shi. Totuwar masara da karan auduga su ma makamashi ne mai kyau in sun bushe. Amma kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba, gama hayaƙinsu dafi ne.

Na biyu, a shirya kome kafin a hura wuta. A yi jajjage, a tsince shinkafa, a tankaɗe gari, a kawo ruwa kusa. Sau nawa wuta ta kan yi ta ci ita kaɗai, an aiki yaro sayen gishiri?

Na uku, a rufe tukunya da murfin da ya kama bakinta. In murfin ya lanƙwashe, a ɗora masa dutse. Wadansu mata su kan rufe da kwanon da ke da ruwa a ciki. Kafin abinci ya nuna, ga ruwan ɗumi na wanke-wanke kyauta.

Na huɗu, in ta tafasa a rage wuta. A janye itace a bar guda biyu. Wanda aka janye a turbuɗe shi cikin toka ko yashi, kada a kashe shi da ruwa, domin a same shi a bushe an jima.

Na biyar, a auna ruwa. In ruwan kunu na mutum shida ake so, kada a ɗora na mutum goma.

Na shida, a jiƙa wake tun da dare, haka kuma masara da alkama in za a dafa su tsaba. Jiƙaƙƙen wake ya fi saurin nuna ƙwarai. Nama da rogo da kabewa a yanka su ƙanana. 'Yar kanwa ta kan taimaki wake, amma kaɗan, gama in ta yi yawa ta kan kashe wani sashi na amfanin abincin.

Na bakwai, a kāre iska. Ko da tubala ne, ko tsohon kwanon rufi, a kewaye murhu. A lura kuma da tsayin duwatsu: in tukunya ta yi sama da yawa, wuta ba ta taɓa gindinta, in ta yi ƙasa da yawa, wutar ta shaƙe ta yi ta hayaƙi.

Bayan an sauke, kada rushin ya mutu a banza. A gasa dankali a ciki, ko a ɗora ruwan wankan yara. Da rani ma ba sai an hura wuta ba: ruwan da aka ajiye a rana cikin baƙar roba tun hantsi ya kan yi ɗumi ya isa wanka da yamma.

4. Murhun laka

Bayan farin da aka yi a shekarun 1973 da 1984, 'yan'uwanmu na Nijar sun ga itace yana ƙare musu tun kafin mu gani. Cikin shekarun 1980 aka bazu da murhu iri biyu a can: na ƙarfe wanda ake kira Mai Sauƙi, da na laka wanda ake kira Albarka. A jiharmu ma, tun daga shekarar 2014, ƙungiyar Oxfam da taimakon Tarayyar Turai ta yi aikin murhun tattalin itace da renon itatuwa a ƙananan hukumomi bakwai na wajen Daura. Akwai kuma murhun ƙarfe mai suna Save80, wanda wata ƙungiya ta Kaduna ta fara yaɗawa, daga baya aka kafa wurin ƙera shi a Kano. Yana cin 'yan ƙirare kaɗan, amma sai da kuɗi. Na laka kuwa kowace mace da ta taɓa yaɓen ɗaki ko rumbu za ta iya gina shi. Ga yadda ake yi.

A sami yumɓu ko ƙasar suri, a kwaɓa da ramno da kashin shanu, a rufe a bar shi ya kwana biyar ko bakwai, kamar yadda magina su ke yi. A zaɓi tukunyar da za a riƙa ɗorawa, gama kowane murhu da tukunyarsa: ɗaya na tuwo, ɗaya na miya. A kafa duwatsu uku yadda tsakanin ƙasa da gindin tukunya za ya zama kamar faɗin yatsu bakwai ko takwas. Sa'an nan a ɗora tukunyar, a ja katanga kewaye da ita, kaurinta kamar faɗin tafin hannu, duwatsun suna cikin jikin katangar, har ta kai kunnuwan tukunya. A yanke ƙofa guda wadda itace biyu ko uku za su shiga, da sauran wurin iska. A bar shi ya bushe a inuwa mako guda. In ya tsage a liƙe. Da damina a yi masa rumfa.

Ku lura da wannan ƙwarai, gama nan asirin ya ke: ratar da ke tsakanin tukunya da katanga ta zama faɗin yatsa ɗaya, ko'ina daidai. Ta nan zafin za ya bi yana lasar jikin tukunya har sama. In ratar ta yi faɗi, zafin ya fice, an yi aikin banza. In babu rata, wuta ta mutu.

Murhun da aka gina daidai, a hannun mai kula, ya kan rage kamar sulusin itace. A gidanmu damin da ya kan kai mu kwana huɗu ya koma yana kai mu shida. Ku yi lissafi: gidan da a ke zuwa itace sau uku a mako, in ya koma sau biyu, an huta da tafiya 52 a shekara. Ban da haka, tukunya ba ta gocewa in ana tuƙa tuwo, yaro mai rarrafe ba ya faɗawa wuta, iskar hunturu kuma ba ta ɗaukar tartsatsi ta kai kan danga.

5. Kwandon da ke ƙarasa girki

Wannan dabara ita ta fi ba mutane mamaki. Tun da mun ga zafi ne ke dafa abinci, ba harshen wuta ba, to, in aka hana zafin fita, abinci za ya ci gaba da nuna ko an sauke shi. Mutanen Turai sun yi amfani da wannan sa'ad da makamashi ya yi musu wuya lokacin manyan yaƙoƙin nan biyu, na 1914 da na 1939. Su da ciyawa su ke cusa akwati. Matanmu ma sun san wani abu nasa, gama haka a ke barin tuwo ya sulala.

A sami babban kwando ko kwali mai ƙarfi. A shimfiɗa masa auduga, ko audugar rimi, ko ɓuntun shinkafa, ko tsummoki, kaurin tafin hannu, ƙasa da kewaye, a lulluɓe da tsohon zane, a bar gurbin tukunya a tsakiya. A ɗinka matashi na rufewa. In abinci ya tafasa sosai, a sauke da murfinsa, a sa cikin gurbin nan da nan, a danne da matashin. Kada a buɗe domin leƙe.

Shinkafa: ta tafasa minti 5 a wuta, ta yi kamar sa'a ɗaya a kwando. Jiƙaƙƙen wake: ya tafasa minti 15 ko 20, ya yi sa'a uku ko huɗu. Nama: ya tafasa rabin sa'a, ya yi sa'a uku. A rage ruwan da aka saba sawa, gama ba ya ƙonewa. Cikakkiyar tukunya ta fi riƙe zafi. Abinci ba ya kamu, ba ya kuwa bukatar mai tsaro. Ran Lahadi uwargidana ta kan tafasa wake da safe ta sa a kwando. Kafin a tashi daga majami'a ya nuna.

Gargaɗi guda: kada abinci ya wuni ko ya kwana a ciki. In kin buɗe kin tarar tukunyar ta huce har kina iya riƙe ta da hannu, sai ki sāke tafasa shi kafin a ci, gama abinci mai ɗumi-ɗumi shi ƙwayoyin cuta su ke so.

6. Gawayi da hayaƙi

Mai girki da gawayi ta kan ga kamar ba ta taɓa daji ba. Amma a irin ramin da a ke ƙona shi a ƙasarmu, sai an ƙone kilo 5 zuwa 10 na itace kafin a sami kilo 1 na gawayi, fiye da rabin zafin itacen kuma ya tafi tun a daji. Manyan itatuwa irin su ƙirya da kaɗanya su a ke sarewa dominsa. Wadda ba ta da wata hanya sai gawayi, ta zuba daidai bukata, ta rufe ƙofar kurfoti in tukunya ta tafasa, ta kashe ragowar cikin gwangwani mai murfi. Kada kuwa a shiga da garwashi ɗaki a rufe ƙofa da taga saboda ɗari. Yana fitar da wata iska marar wari wadda ta kan kashe mutum cikin barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hayaƙin girki cikin gida yana kashe kimanin mutum miliyan 3 kowace shekara a duniya. Mata da 'yan goye su suka fi shaƙarsa, shi ne kuwa ke kawo ciwon huhu da tari da ciwon ido. Ko da murhun laka ne, a yi girki inda iska ke wucewa, a kuma sauke goyo nesa da hayaƙi.

7. Ruwa

Ƙasarmu ba ta rasa ruwan sama ba. A wajen Funtuwa a kan sami kimanin milimita 1,000 a shekara, har Gulbin Sakkwato ma daga nan kusa ya faro. Amma cikin wata biyar ko shida ruwan ya ke sauka duka, ƙarƙashinmu kuwa fā ne, ba ya riƙe ruwa sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Shi ya sa rijiyoyi su kan ja baya a watan Maris da Afrilu, a yi ta layi a bakin burtsatse tun da asuba. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, a kan wuyan yarinya kuwa ta ke zuwa gida.

Dokar tattalin ruwa ita ce: kada ruwa ya bar gida sai ya yi aiki biyu. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa ba su zubar da ƙasari, sai su ba dabbobi. Ruwan wankin shinkafa da na ganye ya tafi gindin zogale ko gwanda. Ruwan da aka dafa taliya ko dankali a ciki, a jiƙa tukunya mai ƙanzo da shi.

Wajen wanke-wanke, a kankare sauran abinci tukuna a ba kaji, a goge maiƙo da toka. Sa'an nan a jera roba uku da ruwa kaɗan-kaɗan: ta sabulu, ta ɗauraya, da ta ɗauraya ta biyu. A fara da kofuna da kwanonin da ba su da maiƙo, a ƙare da tukwane. In ruwan sabulu ya yi dauɗa, na ɗauraya ya koma madadinsa. A kife kwanoni bisa 'yar rumfa rana ta busar da su. Randa kuwa a rufe ta, a ajiye ta a inuwa, a duba ko tana yoyo.

Mai rufin kwano yana da rijiya a bisa kansa. Milimita 1 ta ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce. Rufin ɗaki mai tsawon mita 6 da faɗin mita 5 ya kan zubar da wajen lita 30,000 a damina guda, watau jarka 1,500. Indararo da ganga mai murfi sun isa su hutar da yara zuwa rijiya yawancin damina. A bar ruwan farko ya wanke rufin tukuna kafin a tara.

8. Inda ba a yin tsumulmula

Tattali daban, rowa daban. Akwai wuri biyu inda ragi ya ke zama hasara. A shekarar 2021 cutar amai da gudawa ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, jiharmu kuwa tana cikin waɗanda abin ya taɓa ƙwarai. Hanyarta ruwan sha ne da hannu marar tsabta.

Saboda haka kada a hana ruwan wanke hannu da sabulu, kafin girki, kafin ci, da bayan an fito bayan gida. A zuba da buta, kada kowa ya tsoma hannu cikin kwano ɗaya. Hakanan ya fi tsabta, ya kuma fi tattali. Ruwan sha kuma, in na rafi ne ko na buɗaɗɗiyar rijiya, a tafasa shi. Amma in ya tafasa sosai minti ɗaya ya isa, ba sai an bar shi yana cin itace ba. In ruwan garau ya ke, akwai wata hanya: a cika gorar roba mai haske wadda ba ta wuce lita 2 ba, a kwantar da ita a rana bisa rufin kwano sa'a 6, in da gizagizai kwana biyu. Hasken rana ya kan kashe ƙwayoyin cutar. Rigakafi ya fi magani.

9. Itacen gobe

Tattali ya kan rage tafiya, amma akwai abin da za ya kawo itacen gida. A shekarar 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maradi, Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya gaji da dashen itatuwa suna mutuwa. Sai ya lura 'yan tsirran da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne masu saiwa da rai a ƙasa. Ya shawarci manoma su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kowane kututture, su sassabe sauran, su kiyaye waɗanda suka bari. Da fari an yi masa dariya. Amma bayan shekara ashirin da 'yan kai aka ƙiyasta gonakin da suka sāke yin itatuwa a Nijar ta wannan hanya sun kai kadada miliyan 5, itatuwa kuwa wajen miliyan 200. Mata da yawa a can suka koma samun itace a gonar gidansu daga rassan da a ke sassabewa.

In an yi wannan a Maradi, inda ruwan sama bai fi rabin namu ba, me za ya hana a Tafoki? Kalgo da sabara da marke suna nan suna toho a gonakinmu, mu ne mu ke sare su mu cinna musu wuta kowace bazara.

10. Kalma ga maza

Ɗan'uwa, kada ka miƙa wa matarka takardan nan ka ce ka gama naka. Haƙo yumɓu, da faskare, da rumfar itace, da indararo, da barin toho a gona, duka aikinka ne. In murfin tukunya ya ɓace, sayen wani ya fi sayen dami arha. Kada kuma ka yi faɗa in ka ga wuta ƙarama ƙarƙashin tukunya, kana cewa ana yi maka jinkirin abinci. Yanzu ka san dalili. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mu dubi girkinmu na taro kuma. Ran Kirsimeti, ko bikin aure, ko babban taron mata, a kan jera manyan tukwane a fili, iska tana wasa da wuta, a ƙone itacen da za ya isa gida guda wata ɗaya. In kowace ekklesiya ta gina manyan murahun laka biyu a bayan majami'a, za a rage wannan, duk wadda ta zo girki kuma za ta koma gida da dabarar. Maƙwabtanmu ma su zo su gani, gama daji ɗaya mu ke shiga, rijiya ɗaya mu ke ja. Gani ya kori ji.

TAMBAYOYI

1. Cikin itace goma da aka ƙone a murhun duwatsu uku, nawa ne ya ke dafa abinci? Ta wace hanya sauran su ke tafiya?
2. Don me ƙara wuta bayan tukunya ta tafasa ba ya sa abinci saurin nuna?
3. Yaya faɗin ratar da ke tsakanin tukunya da katangar murhun laka? Me za ya faru in ta yi faɗi?
4. Wane gargaɗi aka yi game da kwandon ƙarasa girki?
5. A wane wuri biyu ne ba a ragin ruwa ko itace?
6. A gidanku, wa ke zuwa itace, wa ke ɗebo ruwa? Sa'a nawa su ke yi a mako?

AIKIN WATA

Mako na fari, kada ku sāke kome, ku ƙidaya dami da jarkar da gidanku ya ci, ku rubuta. Mako na biyu, ku bi dabaru bakwai ɗin nan, ku sāke ƙidayawa. Mako na uku, ku gina murhun laka guda, ku haɗa kwando. Mako na huɗu, ku kawo lissafinku wurin taro a gwada da na juna. Wanda ya sami wata dabara wadda ba mu ambata ba, ya rubuto mana domin sauran 'yan'uwa su amfana.